Yadda ake haɗa labarin gari da Maganar Allah a sujadar gida

Sujadar gida ko ta zumunta ba ta buƙatar dogon wa'azi. Minti goma sha biyar sun isa in an shirya. Abin da ke ba masu jagora wuya a nan Damagaram shi ne ɗauko maganar da mutane suka wuni a kanta, tsadar hatsi ko famfon da ya ƙafe ko harin da aka kai wani gari, su kawo ta gaban Littafi Mai Tsarki ba tare da sun murɗe aya ba, ba kuma tare da sujada ta koma hirar fada ba.

Ka fara da zaɓen labari ɗaya tak, wanda ya taɓa waɗanda za su zauna a gabanka. In uwargida ta wuni tana jiran ƴan ga-ruwa, yara sun yi zarya da bido cikin zafin watan Afrilu, labarinka ke nan, ba yaƙin wata ƙasa mai nisa ba. In daga waje labarin ya zo, ka tabbatar da shi tukuna: ka ji shi a gidajen rediyo biyu daban. Abin da aka turo ta WhatsApp babu suna babu rana, ka bar shi. Ranar da yara suka gane ƙarya ce ka gina addu'a a kanta, gobe ayar ma da shakka za su saurare ta.

Daga nan ka mayar da labarin tambaya. "Tiya ta yi tsada" labari ne kawai. Amma a ƙarƙashinsa akwai tsoro: me za mu ci kafin kaka? Akwai fushi: wa ya ɓoye hatsi? Akwai kuma jaraba ga mai awo a kasuwar Dole: in rage tiya ko in cika? Kowace tambaya da nassinta. Mai tsoro, Matiyu 6:25-34 ko Habakuk 3:17-19. Mai ɓoye hatsi, Karin Magana 11:26. Mai rage mudu, Amos 8:4-6. Gidan da ke da abinci alhali maƙwabci ba shi da shi, Yaƙub 2:14-17. Ka ɗauki ɗaya, kada ka jera huɗun. Wanda ya ji nassi huɗu a zama ɗaya ba ya tashi da ko guda.

A nan ne aikin yake, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Kafin ka buɗe baki a gaban mutane, ka karanta surar gaba ɗaya kai kaɗai, sau biyu, ka amsa wa kanka: wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan? Dubi 2 Sarakuna 7:1, inda Elisha ya ce gobe war haka farashin gari da sha'ir zai faɗi a ƙofar Samariya. Duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakanin Yuni da Agusta, sai ka ji an ɗauko ayar ana shelar cewa gobe hatsi zai yi araha. To, wannan magana ce da Allah ya ba annabi ɗaya a kan birni ɗaya da sojojin Suriya suka yi wa ƙawanya. Ba a ba ka ita don kasuwar Alhamis ba. In Alhamis ta zo farashi bai motsa ba, mai raunin bangaskiya zai ce Allah ya saɓa alkawari, alhali kai ka sa masa magana a baki. Ka ci gaba da karatu zuwa aya ta 9, za ka tarar da abin da ya shafe mu kai tsaye: kutare huɗu sun sami abinci, suka ce wa juna ba daidai ba ne su yi shiru su ci su kaɗai.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, wato a mayar da masifar wani hukuncin Allah. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidajen ƙasa da yawa a garin nan, har tsohon masallacin Birni ya faɗi. Akwai kuma waɗanda har yau raunin 16 ga Janairu 2015 bai warke musu ba, ranar da aka ƙone majami'u a Zinder. Zuciya takan so ta haɗa waɗannan biyu ta ce sakayya ce. Kada ka yarda. An taɓa kawo wa Yesu labari mai zafi irin wannan, a Luka 13:1-5: Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba, ya juyo da maganar kan masu sauraronsa, su tuba. Ruwan da ya ci gidan Musulmi bai tsallake na Kirista ba. Ka tuna kuma katangar gidajenmu ba ta hana murya fita. Maƙwabci yana jin abin da kake koya wa ƴaƴanka a kansa.

Siyasa ma haka. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyaka da yanke wutar da suka biyo baya, ra'ayi ya rabu har cikin gida ɗaya. Mai jagora ba alƙali ba ne. 1 Timoti 2:1-2 ta ce a yi addu'a domin masu mulki, Irmiya 29:7 ta ce a nemi zaman lafiyar garin da ake zaune. Waɗannan sun ishe ka, ko wa ke kan kujera.

Ga rabon lokacin. Waƙa ɗaya. Minti biyu na labarin, cikin jimla uku ko huɗu, babu sharhi, gara ma ka tambayi wani, "Mama, yaya kika samu kasuwa yau?" ta faɗa da bakinta. Minti uku na karatu, aya biyar zuwa goma, yaro mai zuwa lakkwal ya karanta in akwai. Minti biyar na bayani, magana ɗaya. Sai abin yi guda, ƙarami, mai suna da rana: gobe da safe za a kai wa tsohuwar da ke bayan gida bido biyu, wane ne zai kai. Sauran lokacin addu'a, a ambaci mutanen da labarin ya shafa. In ka ga labarin ya cinye minti takwas, gardama ta fara, buɗe Littafin ka soma karantawa, murya za ta kwanta.

Mai son tura bimbinin ga ƴan'uwa ta waya, ya tsaya a minti uku, ya faɗi sura da aya tun farko don mai sauraro ya duba da kansa, kada kuma ya kama sunan mutum ko na unguwa a kan laifi, domin saƙon murya yakan kai inda ba a aike shi ba. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta rana, labarin, nassin da abin da aka ce za a yi. Bayan mako ɗaya ka buɗe shi a gaban kowa ka tambaya ko an kai ruwan.