Yadda Ake Shirya Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Ƙafa a Garin da Ƙasa Ke Daskarewa

Sau uku ina zama a kwamitin shirya wasan ƙarshe a garuruwan da ruwa ke daskarewa a bututu tun watan Nuwamba, kuma duk sabon kwamitin da na gani da kuskure ɗaya yake farawa. Zaman farko yakan ƙare a kan tikiti da masaukin manyan baƙi da wanda zai miƙa kofi, mai kula da ciyawar fili kuwa ko gayyatarsa ba a yi ba. Ba zan tsaya a kan tikiti da tsaro ba, duk wanda ya taɓa shirya wasan mako ya san su. Abin da sanyi ke ƙarawa a kan aikin shi zan bi daki-daki.

Da farko ka san kwana nawa ke hannunka. A da, gasar MLS ta Amurka da Kanada takan zaɓi filin wasan ƙarshe tun da wuri, kamar yadda aka kai na 2010 filin BMO Field na Toronto, inda Colorado Rapids ta doke FC Dallas da ci 2 da 1 a daren 21 ga Nuwamba, a garin da babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da gida. Daga 2012 aka sauya, wadda ta fi maki a kakar wasa cikin ƙungiyoyi biyun da suka kai ƙarshe ita ke karɓar baƙunci. A irin wannan tsari za ka iya kwana ba ka sani ba, ka wayi gari mako ɗaya ko biyu ya rage maka. Saboda haka da zarar ƙungiyarka ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ka fara shiri kamar kai ne mai masauki. Ka kama hayar tamfol da injinan hura iska mai zafi, ka yi magana da mai kawo mai. Idan an fitar da ku, kuɗin kafin alƙalami sun tafi, na sani. Asarar ba ta kai ta mai neman tamfol ana gobe wasa ba.

Na biyu, lokacin take wasa. A nan za ka yi ja-in-ja da gidan talabijin, don su dare suke so, lokacin da masu kallo suka fi yawa. Ni dokata ita ce wasan ƙarshe a watan Disamba da rana ake take shi, kuma ban taɓa nadamar dagewa a kan haka ba. Kada ka yi lissafin minti 90. Wasan ƙarshe yana iya kaiwa 120, ga bugun fenariti, ga bikin miƙa kofi. A Kansas City ranar 7 ga Disamba 2013 an take wasa sanyi yana wajen digiri 6 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, aka tashi 1 da 1 da Real Salt Lake, sai da kowane ɓangare ya buga fenariti goma kafin Sporting, ƙungiyar garin, ta ɗauki kofi da 7 da 6. Toronto a 2016 da dare ta buga da Seattle, minti 120 babu ci, sannan fenariti. Da aka sake haɗuwa a 2017 da yamma aka take. Ka tambayi masu hasashen yanayi yadda sanyi zai kasance awa uku bayan an take, da wannan adadin za ka yi aiki.

Na uku shi ne fili, kuma a nan na faɗi, don haka a nan zan daɗe.

Filayen da aka gina domin hunturu suna da bututai shimfiɗe ƙarƙashin saiwar ciyawa, ana zagaya ruwan ɗumi a cikinsu haɗe da sinadarin da ke hana shi daskarewa. Dabarar ta daɗe, tun 1958 Everton ta sa na'urar ɗumama ƙasa a Goodison Park, ita ce ta farko a Ingila. Abin da sababbin shiga ba su gane ba shi ne aikin bututan nan hana ƙasa daskarewa ne. Ƙasar da ta riga ta yi tauri ba su iya kwance ta cikin dare ɗaya, don zafin daga ƙasa yake tasowa a hankali, saman da takalmi ke takawa shi ne na ƙarshe da zai yi laushi. Idan kuma ka murɗa zafin da yawa don ka cike gurbin kwanakin da ka yi sakaci, saiwa ta bushe, ciyawa ta riƙa tugewa.

A shekarar da na faɗi ɗin, mai riƙe mana kuɗi ya duba abin da tukunyar ɗumama ruwan ke sha na mai a rana, ya ce a bari sai kwana uku kafin wasa. Mai kula da fili ya ce kwana goma. Ni na yanke hukunci, kuma bayan mai kuɗi na bi. Da safiyar ranar wasa muka zagaya fili tare, yana riƙe da sukudireba. A tsakiya ya soka, ta nutse har ƙota. Muka gangara kusurwar kudu, ya soka, ta yi ƙara kamar an buga ta a siminti. Bai ce mini komai ba, ya miƙo mini ita na gwada da hannuna.

Dalilin wannan kusurwa shi ne a arewacin duniya rana takan yi ƙasa-ƙasa ta wajen kudu a Disamba, sai rumfar 'yan kallo ta kudu ta jefa inuwa a kan wani sashen fili wuni guda. Sashen da rana ke taɓawa ya saki, na inuwa ya zauna a daskare, ka samu fili biyu a fili ɗaya, ɗan wasa bai san wane takalmi zai sa ba. Mai dogayen ƙusoshi ba ya kama ƙasa mai tauri, mai gajeru kuma yana sulɓi a mai laushi. Na ƙara wa kuskurena wani: masu kyamara suka nemi a yaye tamfol tun ƙarfe tara don su gwada na'urorinsu, na yarda. Ɗan ɗumin da tamfol ya tara cikin dare ya tashi a banza. Bayan hutun rabin lokaci wani ɗan baya ya zo juyawa a wannan kusurwa, ƙafa ta tafi, ya faɗi a kan kafaɗa, a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi. Har yau idan na tuna shi ba na jin daɗi.

To ga yadda ake yi. Ka kunna ɗumin tun kafin ƙasa ta kama, ka bar shi ƙasa-ƙasa ba kashewa, dare da rana. Kowace yamma a rufe fili da tamfol kafin rana ta faɗi. Safe da yamma a auna zafin ƙasa, a tsakiya da gaban raga biyu da kusurwoyi huɗu, a rubuta. Fitilun da ake jerawa a kan ciyawa don ta tsiro a tura su sashen inuwa. Ranar wasa ba a yaye tamfol sai daf da fitowar 'yan wasa motsa jiki, kuma a ƙarshe ake yaye na inuwa, masu kyamara su yi haƙuri. Kada a fesa ruwa. Koci zai nema don ƙwallo ta yi gudu, ka ƙi, ruwan nan gilashi zai zama kafin hutu. Filin da ba shi da bututai, a kafa rumfar leda a kansa a riƙa hura iska mai zafi ta ƙarƙashi. Tsada gare ta, kuma sai an kwana ana gadin injinan.

Na huɗu, dusar ƙanƙara. Bututai ba sa cin dusar da ke zuba da ƙarfi, hannu ke kwashe ta. Ka tanadi mutane da shebur na roba, ka raba musu layuka tun kafin ranar: wane layin gefe, wane yadi na 18, wane layin raga. Ka san inda za a zubar da wadda aka kwashe, don na ga an tara ta a bakin ƙofar da motar asibiti za ta shigo. A ciyawa ta gaske ba a shigar da mota mai nauyi, a ta roba ana iya shigar da ƙananan taraktoci. Ƙwallo mai ruwan lemo ta kasance a shirye, da yawa, kuma a ba ƙungiyoyin biyu su taɓa ta a atisaye. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar Kanada a Ottawa a Nuwamban 2025, tsakanin Atlético Ottawa da Cavalry, ya ga yadda aka riƙa tsayar da wasa ana share layuka, aka kuma daɗe ana kwashe dusa kafin ƙarin lokaci.

Ka zauna da alƙalin wasa da wakilin hukumar gasa da ƙungiyoyin biyu ana gobe wasa, ku rubuta wa ke da ikon tsayar da wasa, da abin da za a yi idan an tsayar. Costa Rica ta kai ƙara FIFA bayan Amurka ta ci ta 1 da nema cikin dusa a Colorado a Maris 2013, ba ta yi nasara ba, amma ba ka son irin wannan rigima a kan kofi. Ka kuma riƙe washegari a hannu, fili da ma'aikata da masauki. A Disambar 2013 dusa ta katse wasan Galatasaray da Juventus a Istanbul, washegari da rana aka ƙarasa shi.

Na biyar, 'yan wasa. Benci mai ɗumi da barguna da ɗakin sauya kaya mai zafi, ga baƙi kamar yadda aka yi wa 'yan gida, ba na yarda da a bar baƙo cikin sanyi da sunan dabara. A wasan Amurka da Honduras a St. Paul ta jihar Minnesota ranar 2 ga Fabrairu 2022, sanyi na wajen digiri 15 ƙasa da sifiri, 'yan Honduras biyu ba su iya dawowa bayan hutu ba saboda sanyi ya shige su. Likitoci su zo da shirin haka. Ka tuna wa masu kula da kaya cewa rigar ciki dole ta dace da launin hannun riga, dogon wandon ciki kuma da launin gajeren wando, kuma tun 2011 aka hana ɗan mayafin da 'yan wasa ke zurawa a wuya don sanyi. Yaran da ke tsince ƙwallo a riƙa sauya su, su ne aka fi mantawa.

Sauran a gurguje. Gishiri a matakalai da hanyoyin shiga tun asuba, a sake zubawa kafin a tashi, amma kada ya kusanci ciyawa. Bututan banɗaki a naɗe su, a bar ɗumi a ciki. A buɗe ƙofofi da yawa, don binciken mutum mai riga huɗu yana cin lokaci, kuma na'urorin duba tikiti batirinsu na saurin mutuwa a sanyi, a ajiye na canji a aljihu. A bar mutane su shigo da bargo. Motocin haya da jiragen ƙasa su san wasa na iya ƙara awa guda. Dandamalin miƙa kofi ya zama mai taya, a shimfiɗa masa abin da ba ya sulɓi, jawabi ɗaya ya isa, a ba 'yan wasa manyan riguna kafin su hau, don jikinsu jiƙe yake da gumi. Idan akwai sauran wasa a filin a wannan hunturu, a mayar da tamfol a daren, kuma kada a kashe ɗumin.