Yadda ake rage littafin almara har ya shiga fim

Duk mai son mayar da littafin almara fim, ya fara da lissafi tukuna. A wajen masu rubutun fim, shafi ɗaya na sikirif yana cin kusan minti ɗaya a allo, fim ɗin awa biyu shafi 120 ke nan, kuma rabin kowane shafi fili ne fari fat. Littafi na farko cikin ukun The Lord of the Rings na Tolkien, in aka karanta shi a bayyane daga bango zuwa bango, yana cin wajen awa 20. Fim ɗin da Peter Jackson ya yi da shi a 2001 minti 178 ne, kuma a hakan ma ana ce masa dogo. Yanka dai dole ne. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka san wanda za ka yanke, ka kuma san wanda zai ɗauki aikinsa bayan ya tafi.

Da matasanmu masu rubuta littattafan yaƙi da aljanu nake, jikokin Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, waɗanda ke burin ganin labaransu a allo. Misalan na Turawa ne don littafin da fim ɗin duk suna samuwa, kana iya ajiye su gefe da gefe ka ga inda almakashi ya bi.

Ka fara da rubuta labarin gaba ɗaya a jimla guda, wadda ta faɗi na wane ne labarin da abin da yake nema. Jackson da abokan rubutunsa, Fran Walsh da Philippa Boyens, sun tsaya a kan cewa labarin na Frodo ne da zoben da ya ɗauka zai kai a hallaka. Da ka samu jimlarka, ɗauki biro ka sake karanta littafin, ƙarshen kowane babi ka rubuta a gefen shafi abin da ya canza. In ba abin da ya canza game da jimlar nan, ka yi wa babin alama.

Haka Tom Bombadil ya fita. Wani tsoho ne mai waƙe-waƙe a dokar daji, ya cinye babi uku a jere, na 6 da na 7 da na 8. Ya ceci su Frodo sau biyu, ya ba su masauki, suka wuce, tafiyar ba ta canza alƙibla ba. Abin da ya fi kashe shi ma shi ne ya karɓi zoben ya zura a yatsa bai ɓace ba, ya cilla shi sama yana dariya. A littafi wannan abin tunani ne, yana nuna akwai halittar da mulki bai dame ta ba. A fim kuwa, ka kwashe rabin awa kana tsorata ɗan kallo da zoben nan, sai wani tsoho ya mayar da shi abin wasa, duk tsoron ya zube. Ralph Bakshi da ya yi fim ɗin zane a 1978 ya cire shi, wasan rediyon BBC na 1981 ma ya cire shi. Ni ina son Bombadil ƙwarai, amma da ni ke riƙe da biron, ni ma da na cire shi.

Sai dai duk abin da ka yanke yana barin bashi, kuma nan ne nake so ka fi daɗewa. A babi na 8 ne Merry, abokin tafiyar Frodo, ya samu takobinsa, daga wani tsohon kabari, takobin da mutanen zamanin da suka ƙera musamman don yaƙar sarkin matsafan Angmar. Shi ya sa a littafi na uku, da ya soki sarkin a bayan gwiwa, tsafin ya karye har jaruma Éowyn ta ƙarasa shi. A fim Aragorn, jarumin da ke musu jagora, shi ne kawai ya watsa musu takubba a kan tsauni. Wannan ƙaramin bashi ne, yawancin 'yan kallo ba su ma san an ci shi ba.

Fina-finan Harry Potter sun ci manyan basussuka. A littafi na biyar Sirius, aminin mahaifin Harry, ya ba Harry wani madubi da za su riƙa magana ta cikinsa. Fim ɗin 2007 ya tsallake kyautar. Sai ga shi a fim ɗin 2010 Harry yana zaune yana juya ɓallin madubi a hannu, ido na leƙowa ta ciki, kuma ta nan taimako zai zo masa daga baya. Wanda bai karanta littafi ba sai ya dubi na kusa da shi: wannan kuma daga ina? Fim na uku, na 2004, ya yi ta amfani da taswirar sihiri mai ɗauke da laƙabin mutum huɗu, har aka tashi ba a gaya wa ɗan kallo cewa mahaifin Harry ne da abokansa uku suka zana ta ba, ba a kuma ce mahaifin kan rikiɗa ya zama barewa ba, alhali barewar ce ta bayyana a bakin tafki. Layi biyu a bakin Lupin, malamin Harry kuma ɗaya daga cikin huɗun, da sun wadatar.

Maganin abu ne mai sauƙi, sai dai yana cin lokaci. Ja layi a tsakiyar takarda. A hagu ka rubuta duk abin da littafin ya ajiye: takobi, laya, alkawari, tabo a jiki, sunan da aka ambata sau ɗaya aka wuce. A dama ka rubuta babin da aka dawo aka ɗauke shi. Kafin ka cire kowace fitowa, ka duba hagu ka ga ko akwai ajiya a cikinta. In akwai, ko dai ka mayar da ajiyar wata fitowar da za ta tsira, ko ka cire ɗaukar ita ma. Kada ka bar ɗaya ba ɗaya.

In kuma marubucin bai gama jerin littattafan ba, ka je ka same shi. Masu fim na biyar na Harry Potter sun so cire Kreacher, hadimin gidan su Sirius, don halitta ce da sai kwamfuta ta zana, ga tsada. A lokacin littafi na bakwai bai fito ba. Marubuciyar, J.K. Rowling, ta gargaɗe su cewa za su ɗaure kansu in sun zo fim na ƙarshe, suka bar shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda littattafanmu kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, wasu ma shafi-shafi a WhatsApp. Kuyangar da ka raina a kashi na ɗaya, wataƙila ita ce uwar sarki a na huɗu.

Bayan babi sai mutane. Littafin almara yana tara jama'a, kowane gari da sarkinsa da wazirinsa da bokansa. Mai karatu yana iya komawa baya ya duba suna, ɗan kallo ba ya iyawa. Ka jera duk wanda ya fito sau ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ɓace, ka tambayi kanka wa ke cikin manyan taurari da zai iya yin aikin nan a madadinsa. A littafin Tolkien, wani mai suna Glorfindel ne ya zo da farin doki lokacin da Frodo ke kwance da rauni. Jackson ya ba Arwen aikin, don ita ce Aragorn zai aura a ƙarshe, kuma a littafin da ƙyar ake ganin ta, yawancin labarin soyayyarsu yana can cikin rataye a bayan littafi na uku. Da jifa ɗaya an rage suna, an kuma gabatar da amarya. A yaƙin Helm's Deep ma haka aka yi, dakarun da tsohon masihirci Gandalf ya kawo da asuba na wani sarkin yaƙi Erkenbrand ne a littafi, a fim aka mayar da su na Éomer, yayan Éowyn.

Amma ka lura da wanda kake ƙwace wa aiki. A littafi na huɗu na Harry Potter, Dobby, wani ɗan aljani hadimin gida, shi ne ya kawo ciyawar da ke sa mutum numfashi a ƙarƙashin ruwa. Fim ɗin 2005 ya ba Neville, wanda dama gwanin tsirrai ne, kuma ya dace. Sai dai da irin wannan ragin Dobby ya ɓace daga allo tun 2002 har 2010, ya dawo kawai don ya mutu. Masu karatu sun yi kuka don sun zauna da shi a littafi biyar. Ɗan kallo zalla sai da ya yi ƙoƙarin tuna shi tukuna.

Lokaci da tarihi ba su da wahalar yankewa. Tsakanin walimar Bilbo, wanda ya bar wa Frodo zoben, da fitar Frodo daga gida shekara 17 ce a littafi, a fim kamar 'yan makonni. Tarihin zoben da Tolkien ya baza a dogayen hirarraki, Jackson ya tattara shi a 'yan mintunan farko da muryar Galadriel. Waƙoƙi da kirari da salsalar sarakuna, ka zaɓi guda ka bar saura. Kada kuma ka ɗauka inda littafi ya tsaya nan fim zai tsaya: mutuwar Boromir, ɗaya daga cikin 'yan rakiyar Frodo, ita ta buɗe littafi na biyu, amma da ita aka rufe fim na farko, don fim yana so ya tashi da nauyi.

Sai kuɗi, wanda shi ne mai yanka na gaskiya. Kamfanin da ya yi Harry Potter da duk arzikinsa ya gina filin gasar cin kofin duniya ta Quidditch, wasan ƙwallon da ake yi a sama bisa tsintsiya, ya nuna shigowar 'yan wasa, ana sanar da farawa ya tsallake wasan ɗungurungum. Peeves, fatalwar nan mai tsokana, har an ɗauki Rik Mayall ya yi wasan, aka cire shi a wajen tacewa. To ina ga kai. In littafinka yana da aljani mai kai bakwai da rundunar dawaki dubu arba'in, ka zauna da furodusa tun kafin a je lokeshan, ka zaɓi abin mamaki guda ɗaya ko biyu da za ku iya yi da kyau, sauran ka mayar da su inuwa a bango, ƙara a cikin duhu, da fuskar wanda ya gani. Aljanin da aka zana da arha dariya yake bayarwa, kuma da zarar an yi dariya sau ɗaya ba a sake jin tsoronsa. Yankan da aka yi a takarda kyauta ne, wanda aka yi a ɗakin tacewa an riga an biya kuɗinsa.

Ƙarshen littafi shi ne wuri mafi haɗari. Fim ɗin The Golden Compass na 2007 ya sassauta sukar da littafin ya yi wa hukumar addini, sannan ya cire babukan ƙarshe, inda mahaifin yarinyar da ke jan labarin ya sadaukar da abokinta, duk da an riga an ɗauke su, wai za a buɗe fim na biyu da su. Fim na biyun bai taɓa zuwa ba. Kada ka ajiye ƙarshenka don fim ɗin da ba a ba ka kuɗinsa ba.

Na Tolkien ya fi wuyar hukunci. Bayan an hallaka zoben, su Frodo sun koma gida sun tarar mugun masihirci Saruman ya mamaye ƙasarsu, an sare itatuwa, an kafa dokoki, sai da suka yi wani yaƙin da kansu ba Gandalf ba Aragorn. Tolkien da kansa ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa wannan babin ginshiƙi ne da ya hango tun farko. Jackson ya cire shi, kuma ina ganin ba shi da zaɓi, fim ɗin 2003 ya riga ya kai minti 201. Amma ma'anar ta canza. A littafi yaƙi ya bi su har ƙofar gida, a fim gida yana nan yadda aka bar shi. Saruman ma sai ya ɓace daga fim ɗin da aka nuna a silima ba bayani, abin da ya ɓata wa Christopher Lee, wanda ya fito a matsayinsa, rai, sai a dogon bugun faifai aka dawo da mutuwarsa.

Abin koyi shi ne yadda suka biya wani ɓangare na bashin. Sun zaunar da Frodo da abokansa uku a mashayar garinsu, kowa da kofi a gaba, ba mai cewa uffan, jama'a kuwa sun zagaye wani ƙaton kabewa suna ta yabo, ba wanda ya san inda waɗannan yara suka je. Bai kai minti biyu ba, ya ɗauki abin da babin ke son faɗa, cewa wanda ya dawo daga yaƙi bai dawo da kansa duka ba. Duk lokacin da za ka cire babban babi, rubuta abin da yake nufi a layi ɗaya, ka nemo masa fitowa mai arha irin wannan.

In ka gama, kada ka fara kai wa masoyan littafin, su za su cike duk wani giɓi da abin da ke kansu ba tare da sun sani ba. Nemi wanda bai taɓa buɗe shi ba, ka karanta masa sikirif ɗin a bayyane, kada ka yi masa bayanin komai, ka rubuta duk inda ya tsayar da kai da tambaya. Daga nan sai ka koma takardarka mai layi a tsakiya, ka nemo fitowar da amsar take ciki kafin ka cire ta.