Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa masu aiki da BIM a manyan gine-gine

Abin da ke ban mamaki shi ne kamfani zai sayi lasin ɗin Revit da Navisworks da tsadarsu, manhajojin BIM, wato tsarin da kowane fanni ke zana nasa ɓangaren ginin a kwamfuta a 3D (model) sannan a haɗa su kafin a gina, a ɗauki yara masu kwamfuta a zana bene hawa goma tsaf, amma ka je sayit ka tarar da lebura da guduma da cizil yana fasa dakin ɗin da aka zuba satin da ya wuce don fayif ya samu hanya. To ina amfanin? Yawanci ba manhajar ba ce matsalar, yadda ake aiki da ita ne.

Na farko kuma mafi ban haushi, kowa ya fara zanensa daga inda ya ga dama. Akitek da nasa mafarin, injiniyan rodi da kankare da nasa, mai wuta da nasa, ranar da aka haɗa fayilolin sai ka ga fayif na shawagi a sama nesa da ginin. A Revit akwai Survey Point da Project Base Point, wato wuraren da awon zane ke farawa daga gare su, a zauna tun ranar farko a tsayar da su tare da layukan girid da tsayin kowane hawa, a yi haɗin gwaji tun zanen bai yi nisa ba. Haka ma shekarar manhajar, fayil ɗin Revit 2024 ba ya buɗuwa a 2022 kuma babu hanyar mayar da shi baya, don haka a yarda da guda ɗaya. Wanda ke amfani da wata manhajar kamar Tekla ko ArchiCAD ya fitar da IFC, nau'in fayil ɗin da manhajoji daban-daban ke iya karantawa, an gama.

Sai maganar neman karo, wato wuraren da aikin wani ya shiga cikin na wani a zane. Yaro zai zaɓi komai da komai ya danna, Navisworks ya kawo masa karo dubbai, ya tura wa kowa a imel yana jin ya yi aiki. Wallahi ba mai karantawa. Rabinsu fa abu ɗaya ne ya maimaitu, bututun AC ɗaya ya ratsa bango goma an ƙirga shi sau goma. A riƙa yi biyu-biyu, hawa-hawa: kankare da bututun AC, sannan AC da fayif ɗin ruwa, a dunƙule masu kama da juna, kowane karo a rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da zai gama. BCF, wani nau'in fayil na tura rahoton karo, don wannan aka yi shi, yana ɗauke da hoton wurin da bayanin, ba sai an tura model gaba ɗaya ba.

Nan ne rigimar take, wa zai matsa wa wa? In ba a faɗa tun farko ba, wanda ya riga shiga silin shi ne sarki, kuma yawanci mai wayarin ne don aikinsa ya fi sauri. Alhali fayif ɗin ban-ɗaki da na ruwan sama gangare suke bi, ba ka ce masu su hau su sauko, su ake fara ba hanya. Bayansu manyan bututun AC da ba su lanƙwasuwa da sauƙi, sai fayif ɗin kashe gobara da na ruwan famfo tunda matsi ke tura su, tiren waya da kondit su zo ƙarshe don su za su iya kewayawa. Ni dai a ganina duk ɗan kwangilar da bai rubuta wannan jerin a takardar tsarin aiki ba, ya shirya biyan kuɗin aiki sau biyu.

Wani abin da ake mantawa, kwamfuta ta ce babu karo amma a zahiri akwai. An zana bututun AC tsirara ba rigar da ake naɗe shi da ita, ba ƙarafan da za su rataye shi, ba a bar wurin da hannun makaniki zai shiga ya canza filta ko ya murɗa bawul ba. Tazarar yatsa biyu a allo tana wucewa, a silin kuwa sufana ma ba za ta shiga ba. A zana wurin gyaran kamar akwati a gaban kowace na'ura, a gwada karo da shi ma. Shi ya sa ake maganar LOD 350 wajen haɗa aiki, ba 200 ba, LOD ɗin shi ne ma'aunin yadda aka cika zane dalla-dalla.

Sannan tsohon zane. ISO 19650, tsarin ƙasa da ƙasa na sarrafa bayanan BIM da ya fito a 2018, ya ce a samu ma'aji ɗaya, a san wanne ake kan yi, wanne aka raba, wanne aka amince a gina da shi. Amma sai ka ga foman na aiki da PDF ɗin da aka tura masa a WhatsApp wata biyu baya. A buga zanen ramukan fayif daga model ɗin da aka amince, a ba kafinta da falamba a hannu, injiniya ya zagaya ya duba silib ɗin, wato guntayen bututun da ke bar wa fayif rami a kankare, duk an sa kafin motar kankare ta iso. In kuma an canza wani abu a sayit, a auna a mayar cikin model a satin, kar a bari sai an zo hawa na gaba.