Kurakuran da aka fi yi wajen ciyar da dodon koɗi

Toh masu kiwon dodon koɗi, abin da da yawanmu ba mu gane ba shine ba dodon kaɗai kake ciyarwa ba, har da bakteriyar da ke zaune cikin cikinsa. Manyan nan da ake kiwo, Archachatina marginata da aka fi sani a Najeriya da Achatina achatina na Gana, harshensu kamar magagari yake, da shi suke kankare ganye, abincin ya gangara wata 'yar jaka mai ruwan narkewa. Ruwan nan yana da sinadarin da ke farfasa zaren ganye wanda cikinmu mu mutane bai iya narkarwa, wani sashe na wannan sinadari, dodon ne ke yin sa da kansa, wani kuma bakteriyar ce ke taimakawa, kusan dai yadda tumbin saniya ke aiki.

Babban kuskure, mutum ya ga sun rage ci sai ya ɗauko antibayotik ɗin kaji ya zuba musu a ruwa, wai rigakafi. Malam ai ma'aikatan cikin ka kashe, maganin nan bai san na kirki da mugu ba. Kafin ka taɓa magani duba danshi tukuna, don in hunturu ya shigo iska ta bushe shigewa suke cikin ƙoƙonsu su toshe bakin da wani farin rufi su daina ci gaba ɗaya, ba ciwo ba ne, ka dinga yayyafa ruwa kullum ka rufa musu busasshen ganye za ka ga sun fito.

Sai canza abinci dare ɗaya, jiya ganyen gwanda da kokwamba yau dusa zalla saboda an ce tana sa girma. A'a, ka riƙa haɗawa kaɗan kaɗan na 'yan kwanaki cikin ya saba. Kuma da magariba ake zuba musu don da dare suke kiwo, da safe ka kwashe ragowar kafin ta yi funfuna.

Ragowar tuwo da miya kuwa kar ma ka fara, gishiri zuƙe musu ruwan jiki yake ya kashe su. Ganyen da aka yi wa feshi ma haka, in a kasuwa ka saya wanke shi sosai.

Wasu kuma don son tsafta sai su ajiye su kan siminti tsirara, alhali dodon koɗi na cin ƙasa kuma a cikinta yake ƙwai. Ka zuba ƙasa mai taushi wadda ba a sa mata taki na zamani ba, ka daka ɓawon ƙwan kaji ka barbaɗa, in ba haka ba ƙoƙon zai yi laushi ya riƙa fashewa ko da suna cin ganye.