Yadda ake kama gidan hutu a tsibirin Sisili

Fara da zaɓen yanki, domin Sisili babban tsibiri ne a ƙasar Italiya. Daga Palamo zuwa Sirakusa tafiyar kusan awa uku ce a mota. Mai son tsoffin gine-gine da bakin teku ya sauka a filin jirgin Kataniya, ya nemi gida wajen Noto. Mai son kasuwa ya nufi Palamo, birnin da Larabawa suka ci a shekarar 831, inda kasuwar Ballaro take ci har yau.

Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi. A Agusta ana tsananin zafi, kuɗin haya kuma ya kai ƙololuwa.

Kafin ka biya kafin alƙalami, nemi lambar rajistar gidan, wato CIN. Tambayi ko kuɗin na'urar sanyaya ɗaki na cikin haya, don wasu da mita suke lissafawa daban. Tambayi batun tankin ruwa, musamman a yankin Agirijento mai fama da fari. Gidaje da yawa kilowat 3 kacal ke gare su: ka kunna tanda da injin wanki tare, wuta ta ɗauke. Tun ranar farko a nuna maka inda makunnin yake.

Mota dole ce, amma kada ka shiga tsakiyar gari inda aka kafa alamar ZTL, wato wurin da aka taƙaita shigar motoci. Kyamara ke ɗaukar lamba, tara ta biyo ka gida.

Wajen abinci, ɓawon kanoli (wani kayan zaƙi) na gargajiya da kitsen alade ake yin sa, a yi tambaya. Kuskus da kifi na garin Tirafani kuwa, kada ya wuce ka.