Yadda za ka keɓe da Ubangiji da asuba

Tashi tun masu Keke Napep ba su fara kai-komo a Ƙofar Ƙaura ba. Kashe wayarka, ni dai ita ce ke ɗauke mini hankali.

Shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kamar yadda Yesu ya koyar a Linjilar Matiyu 6:6. In hunturu ne, yafa bargo, sanyin Katsina ba wasa.

Buɗe Zabura 139, karanta aya-aya. Inda ta taɓa ka, tsaya nan, kar ka yi gaggawa. Dawuda ya ce Allah ya san zamansa da tashinsa, kai ma ya san naka.

Faɗa masa damuwarka yadda take, kuɗin makarantar yara ne ko jikin Inna. Yi shiru minti 5 ka saurara, sannan ka rufe da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa.