Yadda ake gano rarrabuwar motsin Brown mai karkata idan an gindaya sharaɗi

Ɗalibin lissafi da ke karanta ilimin yiwuwa, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ko a wani wuri, zai gamu da tambaya irin wannan: an san inda abu mai motsi ya tsaya a wani lokaci, to ina ake tsammaninsa a wani lokacin dabam? Motsin da ake magana a kai shi ne wanda Robert Brown ya gani a 1827 a jikin ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa, wanda Louis Bachelier ya yi amfani da shi a 1900 wajen nazarin farashi a kasuwar hannun jari ta Faris, kafin Norbert Wiener ya kafa masa tushe na lissafi a 1923.

Ana rubuta shi haka: X(t) = x + μt + σW(t). Harafin x mafari ne, μ shi ne karkata, wato abin da ake ƙaruwa da shi a kowane ma'aunin lokaci, σ kuma ƙarfin kai da komo, W(t) kuwa shi ne motsin Brown tsantsa, wanda ba shi da karkata. A lokacin t, X(t) yana bin rarrabuwar Gauss, matsakaicinsa x + μt, warwatsuwarsa (wato ma'aunin yadda ƙimar ke nisanta daga matsakaici) σ²t. Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shi ne, canjin da aka samu a wani tsakanin lokaci ba shi da alaƙa da na wani tsakanin da bai shiga cikinsa ba.

Mu ɗauki buhun hatsi, da lambobin da na ƙaga don misali kawai. A ce a watan Oktoba, lokacin kaka, buhu yana jaka 20, karkatarsa jaka 1 a wata, σ kuma 2. Kafin ka taɓa kowace ƙa'ida, ja layin lokaci a takarda, ka sa alama a lokacin da aka ba ka labarinsa da wanda ake tambayarka a kansa, domin wanda ya riga wani shi ke nuna hanyar da za a bi.

Idan sharaɗin ne ya riga, aikin mai sauƙi ne. An ce a Disamba, wata na 2, buhu ya kai jaka 25, ana neman na Afrilu, wata na 6. Sai ka mai da 25 sabon mafari, ka ƙirga watanni 4 da suka rage: matsakaici 29, warwatsuwa 16, saiwarta 4. Kusan kashi 95 cikin 100 na yiwuwar yana tsakanin 21 da 37, wato ninki biyu na saiwar a ƙasa da kuma a saman matsakaici, kuma farashin Oktoba ba ya ƙara maka komai.

Inda sharaɗin ya zo daga baya, nan ne ake bukatar natsuwa. An ce a Yuni, wata na 8, buhu ya kai jaka 32, ana tambayar nawa yake a Disamba. Ba za ka iya raba yiwuwa da yiwuwa kamar yadda aka saba ba, saboda yiwuwar farashi ya tsaya a kan 32 cif sifiri ce. Mafita ita ce X(s) da X(t) tare suke bin rarrabuwar Gauss, kuma warwatsuwar da suka yi tarayya a kai ita ce σ²s idan s ya riga t (a nan s wata na 2 ne, t kuma wata na 8). Ka ɗauki matsakaicin Disamba, 22, ka duba ratar da ke tsakanin abin da aka gani a Yuni da abin da aka yi tsammani, wato 32 a debe 28, saura 4, sannan ka ba Disamba kasonta na wannan ratar, wanda shi ne s/t, kashi ɗaya cikin huɗu. Amsa ta zama 23. Warwatsuwar kuwa σ²s(t − s)/t ce, wato 6.

Yanzu ina roƙonka ka sake lissafin da karkata jaka 3 a wata. Matsakaicin Disamba zai zama 26, na Yuni 44, ratar ta zama 12 ta ƙasa, rubu'inta 3, a debe daga 26, sai ga 23 ta dawo. Ba dace ba ne. Idan aka warware ƙa'idar, matsakaicin yana zama x + (s/t)(b − x), inda b yake ƙimar ƙarshe, kuma babu μ a ciki ko kaɗan. Dalilin yana da kyau ƙwarai, kuma a ganina ya fi ƙa'idar cancantar a riƙe shi: canje-canjen watanni takwas ɗin nan duk doka ɗaya suke bi, babu wanda ya dogara da wani, saboda haka da zarar an san jimillarsu 12 ce, ba wani watan da ya fi wani haƙƙi a kanta, kowanne ya tashi da 1.5. Wannan motsi da aka ɗaure a farko da ƙarshe shi ake kira gadar Brown. Warwatsuwarsa sifiri ce a bakin biyu, ta fi girma a tsakiya, inda a misalinmu take kai 8 a wata na 4.

Ka lura cewa lissafin farko, na hasashen Afrilu daga Disamba, ya ginu ne a kan an san μ. Idan ba a san shi ba, kiyasinsa daga bayanai shi ne (b − x)/t. Haka nan farashin hatsi na gaskiya yana bin kaka da rani, kuma ba ya sauka ƙasa da sifiri alhali wannan motsi yana iya sauka, shi ya sa masu nazarin kasuwa sukan ɗora ƙa'idodin nan a kan logaritim na farashi maimakon farashin kansa.